Kalma Biyu a Shafi na Shida

Ofishin mujallar Maƙwabta ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani, sai mutum ya hau matakala goma sha bakwai kafin ya kai. Tebur biyu ne a ciki, da kwamfuta ɗaya, da wata fanka mai juya kai tana ƙara kamar mai ciwon wuya. Matar da ta kafa mujallar ita ce mai rubutawa, ita ce mai gyarawa, ita ce kuma mai bin shaguna neman talla. Shi ya sa kowa a unguwar Edita yake ce mata, har mijinta in tsokana ta motsa masa. Abokin aikinta guda ne, mai ɗaukar hoto, wani siriri da ake kira Dogo.

Duk wata suna fitar da shafi ashirin da huɗu. Wane ya buɗe sabon shago, wance ta koma wani layin da keken ɗinkinta, ranar kaza za a yi gasar ƙwallo, ranar kaza za a fito yasar kwata. Kyauta ake ɗauka, a kantin magani, da shagon aski, da wurin wanki da guga, da ɗakin jira na asibitin unguwa.

Fitowar wannan watan ta yi farin jini. A bango an sa hoton Mai Fulawa, dattijon da ke da lambun sayar da dashe a bakin babban titi, yana tsaye a tsakiyar tukwanen furanni, gemu duk furfura, yana dariya har kunne.

Kwana uku da fitowarta, da safiyar Litinin, Edita na zaune tana jera sanarwar wata mai zuwa sai ta ji ana hawowa. Taki ɗaya a tsaya, taki ɗaya a tsaya. Can sai ga wata tsohuwa ta bayyana a bakin ƙofa, gajeriya, ta ɗan ranƙwafa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da mujallar a naɗe.

"Sannu da aiki, 'yata. Ke ce mai wannan takarda?"

"Ni ce, Mama. Sannu da hawa. Ga kujera."

Tsohuwar ta zauna, ta jira numfashinta ya dawo, sannan ta warware mujallar a kan tebur. Dama a shafi na shida take a ninke. Ta ɗora yatsa a kan layin farko.

"Karanta mini nan. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe."

Edita ta karanta, da muryar wanda ya san rubutunsa ya yi kyau. "Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, wurin nan juji ne. Shi kaɗai ya share shi, da baro ɗaya da butar ban ruwa, ya kafa lambun da yau unguwa ke tinƙaho da shi."

"To, haka jikata ta karanta mini," in ji tsohuwar. "Na ce ko ita ce ba ta iya karatun ba." Ta janye yatsanta. "Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. A bayana ya girma. Jujin nan ni na kwashe shi, wata huɗu ina abu ɗaya. Baron na mijina ne. Butar da kike faɗa kuwa gwangwanin fenti ne na huhhuda da ƙusa. Lokacin shi Auta yana garejin wani yana wanke noti da fetur."

Sai da Edita ta ɗan yi jim kafin ta gane cewa Auta shi ne dattijon nan mai furfura da ke bangon mujallarta.

"Ba rigima ta kawo ni ba," tsohuwar ta ci gaba. "Bayan nan nawa ba zai ɗauki rigima ba. Tambaya ɗaya ce. Shi ya gaya miki haka da bakinsa?"

Hirarta da Mai Fulawa ta yi mako uku da yi. Edita ta lalubi ƙwaƙwalwarta, ba ta tarar da komai a tsaye ba sai rana da ƙarar motoci. Ga Dogo a ɗaya teburin ya bar abin da yake yi ya zuba musu ido. Shekara shida tana wannan aiki, ba a taɓa hawo mata matakala da ƙorafi irin wannan ba. Bakinta ya riga tunaninta.

"Mama, mu ai abin da aka gaya mana muke rubutawa."

Tsohuwar ta dube ta na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai. "To. Na ji."

Ta naɗe mujallarta ta miƙe. Dogo ya taso zai riƙe mata hannu a matakala, ta ce masa ya bari, da ƙafarta ta hawo.

Da ƙarar takunta ta ɓace, Dogo ya koma kujerarsa ya ce, "Faɗan 'yan'uwa ne. Ba ruwanmu."

Edita ta koma kan sanarwar da take jerawa, ta rubuta layi ɗaya sau uku tana gogewa. Daga ƙarshe ta jawo wayarta, ta nemo hirar da ta naɗa, ta kunna. Minti arba'in da bakwai ce. A minti na tara muryar Mai Fulawa ta fito sarai: "Da muka fara, ai juji ne nan wurin. Baro ɗaya gare mu. Yaya ce ma ta..." Sai wata babbar mota ta danna ham. Sai muryar Dogo: "Baba, ɗan matso nan, rana na bayanka." Sai muryar ita kanta Edita tana tambaya wane dashe ne ya fi tafiya.

Ta saurari hirar har ƙarshe. Muka share, muka haƙa, mun sha wuya. Ko sau ɗaya mutumin bai ce shi kaɗai ba. Ta buɗe littafin da take ɗaukar bayani, ta tarar a gefen shafi ta rubuta "mutum ɗaya, baro ɗaya" da hannunta, har ta ja masa layi biyu a ƙasa saboda daɗin da ya yi mata.

Dogo ya ji komai. Ya sosa ƙeya ya ce, "To sai a sa ɗan gyara wata mai zuwa, a ƙasan shafi na biyu, gefen tallar mai magani. Wa ke karanta gyara?"

"Ba rubutun ne ya fi damuna ba," in ji Edita. "Abin da na gaya mata yanzun nan ne. Ta tambaye ni ko ƙaninta ya yi mata ƙarya, na ce mata i."

"Ba ki ce i ba."

"Me na ce, in ba i ba?"

Da yamma ta tarar da mijinta a tsakar gida ya kwance famfon wanke-wanke yana canza masa roba. Ta ba shi labari tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Ya saurara yana ɗaure noti, sannan ya ce, "Edita, Edita. Magana zarar bunu ce, taki kuma har da tawada." Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya ajiye sifana. "Ki fara da ƙanin. Shi kika ɗora wa kayan da ba nasa ba."

Washegari da hantsi ta isa lambun. Dogon fili ne tsakanin titi da katangar wata makaranta, an yi masa rumfa da koren raga. Baƙaƙen ledoji cike da ƙasa a jere sahu-sahu, lemo a nan, gwaba a can, furanni a gaba inda masu mota za su hango. Tiyo na kwance yana tsiyaya, wurin na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da taki. A bakin shiga akwai tsohon allo da aka rubuta: "Fulawar kallo ce, ba ta burodi ba." Ƙarƙashinsa kuwa ga bangon mujallar an sa shi a gilashi an rataye. Wasu mata biyu na zaɓen tukwane, ɗaya na riƙe da mujallar tana nuna hoton furen da take so.

"Edita!" in ji Mai Fulawa. "Kin jawo mini aiki. Tun ranar Juma'a ban zauna ba."

Amma fuskar ba irin ta hoton ba ce. Da ya sallami matan ya juyo, ya ce mata jiya da yamma ya je gidan Yaya da lemo a leda, kamar yadda ya saba, surukarta ta tare shi a ƙofa ta ce tana hutawa. Shi kuwa yana jin rediyonta a ɗaki, har da tarinta. Ya kira waya sau huɗu ba a ɗauka ba.

Edita ta gaya masa komai, ba ta rage ba: zuwan yayar tasa ofis, tambayar da ta yi, da amsar da aka ba ta. Ta kunna masa minti na tara. Ya kifa wani bokiti ya zauna a kai, ya saurari muryarsa yana kallon ƙasa.

"Laifina ne, Baba," ta ce. "Ba ka faɗa ba. Ni na ƙara."

Ya tsinke wani busasshen ganye daga dashen da ke kusa da shi, ya murtsuke shi.

"Ba naki ba ne ke kaɗai," ya ce. "Na karanta. Ranar da ta fito na karanta, sau uku. Na ga wurin."

"Me ya hana ka kira ni?"

"Daɗi ya yi mini." Ya ɗago ya dube ta. "Shekara goma sha uku ke nan da bayanta ya zaunar da ita a gida. Ni na haƙa rijiyar can. Ni na kafa rumfar nan, sau biyu iska tana yaye ta. Ni na je na koyo aure tsakanin itatuwa, har ake zuwa daga wasu unguwanni neman mangwarona. Amma har gobe in tsohon unguwar nan zai yi kwatance, lambun Yaya zai ce. Ni kuwa ina nan a Auta, da furfurata. Sai ga takarda ta ce ni ne. Na ce bari in ɗana, ko na wata ɗaya. Na ɗauka ba za ta gani ba tunda ta daina karatu. Na manta da jikar nan tata mai bakin aku."

"Zo mu je tare."

"A'a. Fara zuwa. In ta gan mu tare cewa za ta yi na ɗauko lauya."

Gidan yayar yana ƙarshen wani siririn layi. Edita ba ta buƙaci tambaya ba, don tun daga waje ake hango ganye ya leƙo ta saman katanga. Tsakar gidan kuwa ba masaka tsinke: dashe a gwangwanaye, dashe a tsohon baho, har a cikin butar shayi da hannunta ya karye. Tsohuwar na zaune a wata gajeriyar kujera an tokare mata baya da matashi. Surukarta ta kawo ruwa ta koma ciki, amma ta bar ƙofa a buɗe.

Edita ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Mama, na zo in janye maganar da na gaya miki jiya. Ba gaskiya ba ce."

Ta kunna wayar ta miƙa mata. Tsohuwar ta kara a kunne. Da aka zo wurin da motar ta danna ham, ta ce a mayar. Aka mayar. Ta sake ji. Wannan karon ba ta ce a tsayar ba, ta bar muryar ƙaninta ta yi ta tafiya, har ya kai inda yake bayanin cewa ƙaramin lemo safe da yamma ake ba shi ruwa.

"Ji shi fa," ta ce. "Safe da yamma! Shi ya sa saiwarsu ke ruɓe masa." Ta miƙo wayar. "Wato ke kika sa masa magana a baki."

"Ni ce, Mama."

"Shi kuma ya ji zaƙinta ya haɗiye."

Edita ta kawar da ido, tsohuwar ta ci gaba.

"Ba sai kin rufa masa ba. Tun yana tsumma na san shi. Auta ba ya ƙarya, amma in aka ba shi rabon da ya fi nasa ba ya cewa an yi kuskure."

Daga nan, ba tare da an tambaye ta ba, ta kama labari. Masana'antar da mijinta ke aiki ce aka rufe, ga 'ya'ya huɗu. Ta sami shara a wani ofis mai lambu a gaba. In mai kula da lambun ya yi aski ga shuke-shuke, sai ta roƙe shi rassan da zai zubar, ta kawo gida ta cusa a gwangwani. Wasu su mutu, wasu su kama. Da suka yi yawa mijinta ya ce ko su ko shi a tsakar gidan, shi ne ta je ta nemi izinin jujin bakin titi. Mutane suka yi ta dariya, wa zai sayi ganyen da ba a ci? Wanda ya fara saye wani likitan haƙori ne da ke son shinge a gaban asibitinsa. A shekara ta uku ƙirjin Auta ya kasa ɗaukar warin fetur, ta ce ya bar gareji ya zo su yi tare.

"Hannunsa ya fi nawa, wannan ba a musu," ta ce. "Abin da ya dasa ba ya mutuwa, in ka cire lemo. Kuma da ya bar wurin lokacin da na kwanta, da yanzu an gina shaguna a kai. Duk na sani."

Ta gyara zama, ta dafa bayanta.

"Ni abin da mutanen titi za su ce bai dame ni ba. Jikata ce. Da ta gama karantawa sai ta ce, 'Kaka, ashe ba ke ba ce? Ke da kike ce mana ke ce.' A gaban uwarta, a gaban ƙannenta. Sai na zama mai ƙarya a cikin gidana, da tsufana."

Edita ta ce za ta ba ta shafi guda cur a fitowa ta gaba, da hotonta babba.

"Hoto? Da wannan fuskar? Ki rufa mini asiri. Ki dai rubuta gaskiya, da manyan baƙaƙe yadda ko ni zan gani."

"Sai dai wata mai zuwa ne, Mama."

"Allah ya kai mu."

A hanyar komawa Edita ta lissafa, saura kwana ashirin da shida. Ta ga sun yi wa tsohuwa yawa a gaban jikokinta. Tana isa ofis ta zauna ta rubuta layi huɗu:

"GYARA. A shafi na shida mun ce Mai Fulawa shi kaɗai ya kafa lambunsa. Ba haka ba ne, kuma ba shi ya faɗa ba. Yayarsa ce ta share wurin ta kafa lambun, ta riƙe shi shekara goma sha takwas kafin ta danƙa masa. Kuskuren na Edita ne."

Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta. "Layin ƙarshen nan dole ne?"

"Dole ne."

"Kin tona wa kanki asiri a kasuwa."

"Ɗauko abin maƙala takarda mu tafi."

Mai maɗaba'a ya buga musu a jar takarda, ya yanka ƙanana-ƙanana. Kwana biyu suna zagaye, duk inda suka tarar da ragowar mujallar sai su maƙala mata ɗaya a bango. Fiye da rabi an riga an kwashe an kai gidaje, waɗannan ba yadda za a yi da su. A shagon aski, mai askin ya karanta ya ƙyalƙyale da dariya, almakashi a hannu.

"Ai mu tsofaffin unguwa tun ranar muka gani. Muka ce Auta ya yi sabuwar haihuwa."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ya tambaye mu?"

Mai kantin magani kuwa cewa ya yi jar takardar ta fi hoton jan mutane, waɗanda suka riga suka ɗauka ma suna dawowa su ɗauki mai gyara. Edita ta ɗauki ɗaya ta kai gidan tsohuwar da kanta. Ta tarar jikar ta dawo daga makaranta, ta miƙa mata ta ce ta karanta wa Kaka da ƙarfi. Yarinyar ta karanta tana sunkuyar da kai. Tsohuwar ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin matashinta.

Lambun ne wurin ƙarshe da suka je. Edita ta nuna gilashin da ke rataye.

"A nan ma?" in ji Mai Fulawa.

"A nan ya fi kamata, Baba."

Ya sauko da shi, ya kwance bayan, ya sa jar takardar a kusurwar ƙasa, ya mayar ya rataye. Bai yi murmushi ba, bai kuma raka su bakin titi ba kamar yadda ya saba.

Asabar ɗin makon kuwa akwai taron da mujallar ta shirya tare da lambun, an riga an sanar a shafin baya: ranar koyon dashe, kowa ya zo da gwangwaninsa ya koma da shuka. Ƙarfe tara mutane suka fara taruwa, iyaye da 'ya'yansu, ma'aikatan asibiti biyu, mai wanki da guga da gwangwanin madara har uku. Edita ta jera kujerun da ta aro daga makaranta, Dogo na ta gwada haske. Matar Mai Fulawa ce ta buɗe wurin. Shi ba ya nan. Tara da rabi ta yi, ba shi. Edita ta fara tunanin abin da za ta gaya wa mutum sittin masu gwangwani a hannu.

Goma saura kaɗan wata tasi ta tsaya. Mai Fulawa ya fito daga baya, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya miƙa hannu. Yayarsa ta kama ta fito.

Abin da suka ce wa juna Edita ba ta taɓa sani ba. Surukar ce dai daga baya ta gaya mata cewa tun bakwai ya zo, suka rufe ƙofa, murya ta yi sama, ta dawo ƙasa, ta sake yin sama, sannan tsohuwar ta ce a miƙo mata mayafinta.

Aka sa mata kujera a inuwar raga. Mai Fulawa ya tsaya gaban tebur ya fara nuna yadda ake huda gindin gwangwani, a zuba tsakuwa, a gauraya ƙasa da taki da yashi. Ya iya bayani, mutane sun yi tsit. Yana cikin cika gwangwanin farko sai murya ta fito daga kujera.

"Takin ya yi yawa, Auta."

Wurin ya ɗauki dariya, don yawancin waɗanda ke nan ba su taɓa jin sunan ba.

"Yaya, ni ake kallo fa."

"Shi ya sa nake gyara maka."

Ya rage takin. Haka aka yi ta yi har azahar, yana koyarwa tana sa baki, wani lokaci ya bi, wani lokaci ya yi kamar bai ji ba. Sau ɗaya ta gyara masa abin da shi ne mai gaskiya, ya nuna mata, ta ce a zamaninta ba haka ake yi ba. Dogo ya yi ta zagayen kujerarta, amma duk hoton da ya ɗauka ko ta juya ƙeya ko ta ja mayafi.

Wata matashiya da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba ta matso da gwangwaninta ta tambaya a hankali, "Baba, wannan maman wace ce?"

Mai Fulawa ya goge hannu a rigarsa. "Ita ta kafa wurin nan."

"Shi ya raya shi," in ji tsohuwar daga kujera. "Amma in lemo kike so, zo nan in gaya miki."

Fitowa ta gaba ta ɗauki gyaran a shafi na biyu da manyan baƙaƙe, da labarin tsohuwar a shafi na bakwai, ba hoto. Mai Fulawa bai janye tallar da yake sawa a mujallar ba, amma ya yi wata uku gaisuwarsa da Edita ba ta wuce sannu sannu. Ba gyaran ne ya ɓata masa rai ba, in ji matarsa. Tun ranar taron ne unguwa ta kama kiransa Auta, har masu zuwa sayayya da mota.

Edita kuwa ta ɗauki sabuwar ɗabi'a: ba ta kai labarin kowa maɗaba'a sai ta karanta masa ya ji. Wannan ya jawo mata wata wahalar. Wani tela ya sa ta canza labarinsa sau huɗu, mai gyaran waya ya nemi a cire shekarunsa, mujallar ta koma makara da kwana biyu ko uku kusan kowane wata. Dogo ya yi ta mita, ta ƙyale shi.

Wata safiya, farkon wata na uku bayan taron, wayarta ta yi ƙara da lambar da ba ta sani ba. Tsohuwar ce, ta sa an nemo mata lambar.

"'Yata, kina da abin rubutu kusa? Ruwa ya kusa sauka. Ki gaya wa mutanenki masu gwangwani su ɗaga su daga ƙasa su ɗora a kan bulo, in ba haka ba duk asara za su yi. Kuma wanda ganyensa ya yi rawaya kada ya ƙara taki, ruwa ne ya yi masa yawa."

Edita ta jawo littafinta ta ce, "A hankali, Mama, ina rubutawa."

Ta cika shafi ɗaya da rabi. Da ta gama ta karanta mata daga farko, tsohuwar ta gyara wuri biyu. Aka sa shi a shafi na goma sha ɗaya, kusa da sanarwar gasar ƙwallo.